Yadda Aka Gina Gida Mai Nauyin Tirela 14 A Sararin Samaniya

 Tun da manyan wayoyi suka cika hannun mutane, bidiyon 'yan sama jannati suna shawagi a cikin ɗaki, ruwa na yawo a gabansu dunƙule-dunƙule, ya zama abin gardama a majalisunmu, daga Agege zuwa Sabo ta Ibadan har Lokpanta. Wasu su ce fim ne aka haɗa, wasu su ce gaskiya ne amma ba su iya kare maganar ba. Masu musun kuwa tambayarsu biyu ce: wane inji ne zai ɗaga gida sukutum ya kai shi sama, kuma me ya riƙe shi a can bai faɗo ba? Tambayoyin suna da ma'ana, kuma amsarsu ita ce labarin yadda ake tsara tashar sararin samaniya da yadda ake harba ta.

Ni a kara na tashi, wajen mahaifina, ina kallon yadda ake lodin shanu ana sauke su. Da na zauna na bi tarihin wannan tasha sai na ga wanda ya san lodi zai fahimce ta da sauri, domin duk aikin a kan abu ɗaya ya rataya: nawa mota za ta iya ɗauka a sawu guda.

Wace ce tashar?

Wadda aka fi sani ita ce Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, da ake taƙaita sunanta da ISS. Ƙasashe 15 ne suka haɗa hannu a kanta, ta hanyar hukumomi biyar: na Amurka, Rasha, Japan, Kanada da na Turai. Tsawonta mita 109, wato ta ɗan ɗara filin ƙwallo. Nauyinta ya kai wajen tan 420. Idan ka ɗauka tirelar siminti mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30, to kayan tirela 14 ke nan cur. Mutum bakwai ne ke zama a ciki a mafi yawan lokuta, kuma tun ranar 2 ga Nuwamba 2000 ba ta taɓa zama babu kowa ba, ko da na kwana ɗaya.

Nisanta da ƙasa kusan kilomita 400 ne kacal. Mai tafiya daga Legas zuwa Anaca a mota ya fi haka nisa. Abin da ya bambanta ta da komai shi ne gudu: kilomita 28,000 a awa ɗaya. Tafiyar Kano zuwa Legas da ke cinye wa tirelar shanu kwanaki, ita a cikin minti biyu ta wuce wurin. Tana kewaye duniya a cikin minti 90 da ɗoriya, kusan sau 16 a yini da dare.

Me ya riƙe ta?

Babu abin da ya riƙe ta. Faɗowa take yi, kullum, ba dare ba rana. Ga yadda abin yake. Ka hau tudu ka jefa dutse gabanka, zai yi 'yar tafiya ya faɗi. Ka ƙara ƙarfi, ya faɗi can gaba. To duniya dunƙulalliya ce, bayanta lanƙwasawa yake yi. Idan gudun dutsen ya kai kusan kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, yadda yake lanƙwasowa ƙasa haka ita ma ƙasar ke lanƙwashewa tana ba shi hanya. Sai ya yi ta faɗowa bai taɓa isowa ba. Wannan shi ake nufi idan an ce abu ya hau falaki yana zagaye.

Mutane da yawa sun ɗauka a can sama ƙasa ba ta jan komai. Tana ja sosai. A wannan nisan, ƙarfin jan ya ragu ne da kusan kashi ɗaya cikin goma kawai. Dalilin shawagin 'yan sama jannati shi ne, su da ɗakin da kofin shayinsu duk tare suke faɗowa da gudu ɗaya. Wanda ya taɓa hawa saman tirela direba ya faɗa gangara da gudu, ya san yadda jiki ke yin sakayau kamar hanji zai taso. Nasu haka yake, sai dai na watanni shida ne.

Kuma ko a can akwai ɗan ragowar iska siririya da ke goga wa tashar tana rage mata gudu. Saboda haka takan sauko da kusan kilomita biyu a wata. Lokaci-lokaci sai a kunna injin kumbon da ke maƙale da ita, yawanci kumbon dakon kaya na Rasha mai suna Progress, ya tunkuɗa ta ta koma matsayinta. Ranar da aka daina wannan turin, a hankali za ta dawo gida.

Roka ce ke yanke hukunci

Duk ɗan kasuwar shanu ya san ba ka fara sayen dabba sai ka san motar da za ta ɗauka. Kuɗin mota ɗaya ne ko ka cika ta ko ba ka cika ba, don haka ba a barin fili. Idan kuma ka yi haɗama ka cusa fiye da kima, kafin a kai Lokoja wata ta kwanta an tattake ta. Masu tsara tasha a tsakanin waɗannan iyakoki biyu suke aiki.

Ɗauki rokar Proton ta Rasha, wadda ta kai ɗakin farko na ISS. A lokacin tashi nauyinta ya kai tan 700, amma abin da take iya kaiwa falaki tan 20 ne da 'yan kai. Sauran kusan duk mai ne da tankunan da ke ɗauke da shi. Ka lissafa: nauyin tirela 23 ya tashi don a kai kayan da ba su cika tirela ɗaya ba. Shi ya sa ake yin roka hawa-hawa. Hawan farko ya ƙone mansa, a yar da shi, na biyu ya kama, shi ma a yar. Ba a jan fankon tanki zuwa sama. A cikin minti tara zuwa goma an gama, kaya sun hau falaki.

Tun da babu rokar da za ta ɗauki tan 420, sai aka yanka gidan gunduwa-gunduwa. Kowane ɗaki aka yi shi daidai cikin motar da za ta ɗauke shi. Jirgin Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ake kira Space Shuttle, wurin kayansa tsawon mita 18 ne, faɗin mita huɗu da rabi. Don haka ɗakunan Amurka da Turai da Japan duk faɗinsu bai wuce nan ba. A ɓangaren Rasha kuwa, layin dogo ne ya yanke awo: daga masana'anta a Mosko ake ɗora sassan roka a jirgin ƙasa zuwa filin harbawa na Baikonur a Kazakistan, kuma abin da ya wuce faɗin mita huɗu da kaɗan ba zai bi wannan hanya ba. Ka ji fa, faɗin ɗakin da ke sama, titin jirgin ƙasa ne ya tsara shi.

Siffar ɗakunan ma akwai dalili. Duk kamar tukunyar gas suke, dogaye masu zagaye. A ciki akwai iska daidai matsin da muke shaƙa a nan ƙasa, a waje babu iska ko kaɗan, don haka iskar ciki na tura bango da ƙarfi tana neman fita. Abu mai kusurwa huɗu daga kusurwar yake fara tsagewa. Mai zagaye yana raba matsin daidai ko'ina, sai a samu damar yin bangon da siririn alminiyam mara nauyi.

Darasin da aka saya da tsada

Ba da ISS aka fara ba. Tarayyar Sobiyet ce ta fara harba tasha, Salyut 1, ranar 19 ga Afrilu 1971. Mutum uku suka zauna a ciki kwana 23. A hanyarsu ta dawowa wani bawul ya buɗe, iskar kumbonsu ta zurare, aka buɗe ƙofa a ƙasa aka tarar duk sun mutu. Tun daga nan aka wajabta sa rigar matsin iska lokacin tashi da sauka a kumbon Soyuz.

Amurka ta gwada hanyar ɗauka gaba ɗaya. Ranar 14 ga Mayu 1973 ta ɗora tashar Skylab, mai nauyin wajen tan 77, a kan Saturn V, babbar rokar da ta kai mutane duniyar wata. Minti ɗaya da tashi iska ta yage garkuwar da ke kare jikin tashar, farantin sola ɗaya ya tafi, ɗayan ya maƙale. Ciki ya ɗau zafi kamar tanda. Sai da 'yan sama jannatin farko suka je da wata irin laima suka buɗa mata, sannan suka fita waje suka ɓalle farantin da ya maƙale. A 1979 Skylab ta faɗo, tarkacenta suka watsu a yammacin Ostireliya, har wata ƙaramar hukuma mai suna Esperance ta rubuta wa NASA tarar dala 400 ta zubar da shara.

Tashar Mir ta Rasha, da aka fara a 1986, ita ce ta nuna ana iya gini ɗaki bayan ɗaki. Ta yi shekara 15. A 1997 gobara ta tashi a ciki, bayan watanni kaɗan kuma kumbon kaya ya daki ɗakin Spektr ya huda shi. Abin da ya ceci mutanen ciki shi ne sun yi sauri sun yanke wayoyin da suka ratsa ta ƙofar, suka rufe ɗakin. Shi ya sa a ISS kowane ɗaki yana da ƙofar da za a iya datse shi da ita, kuma ana kula kada a bar abin da zai tare ta.

Yadda aka harhaɗa ta

Kafin ƙarfe, sai da aka sha fama da siyasa. Shugaba Ronald Reagan ne ya ba da umarnin gina tasha a 1984. Aka yi shekaru ana zane ana sokewa, kuɗi na tafiya, ko kusa ɗaya ba a harba ba. A 1993 majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a kan a kashe aikin, ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak, 216 da 215. A shekarar ne aka jawo Rasha ciki, ita da ke da gogewar Mir amma aljihunta ya bushe bayan rushewar Sobiyet.

Ranar 20 ga Nuwamba 1998 aka harba ɗakin farko, Zarya, daga Baikonur. Rasha ta ƙera, Amurka ta biya. Mako biyu bayan nan jirgin Endeavour ya tashi daga Florida da ɗaki na biyu, Unity. Aka miƙa hannun ƙarfe aka kamo Zarya aka haɗa su. Abin lura a nan, ɗaya a Mosko aka yi shi, ɗaya a jihar Alabama, kuma ba su taɓa haɗuwa a ƙasa an gwada ba. Awo kawai aka bi a takarda. Duk wanda ya taɓa kai wa mai walda aikin ƙofa ya dawo ta ƙi shiga gurbi, ya san girman wannan magana.

Haɗuwar kanta aiki ce. Ba a harba roka a duk lokacin da aka ga dama. Sai an jira juyawar duniya ta kawo filin harbawa daidai ƙarƙashin turbar da tashar ke bi. Ana kuma karkata rokar wajen gabas, domin duniya gabas take juyawa, sai a ci ribar gudunta kyauta. Kumbon yakan fara shiga turbar da ke ƙasa da ta tashar, domin na ƙasa ya fi saurin kammala zagaye, sai ya riƙa cim mata yana hawa a hankali. A da kwana biyu ake yi ana wannan bi, yanzu Soyuz kan isa a cikin awa uku da 'yan mintuna. A ƙarshe, abubuwa biyu da kowannensu ke gudun kilomita 28,000 a awa, sai su taɓa juna a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

A Yulin 2000 ɗakin Zvezda ya iso da wurin kwana da injinan iska, sannan mutum uku na farko suka tare: Bill Shepherd, Yuri Gidzenko da Sergei Krikalev. A 2001 aka kawo ɗakin bincike na Amurka, Destiny, da dogon hannun Kanada mai tsawon mita 17 da rabi, wanda shi ne kurayen ɗaga kaya na wurin. Sai aiki ya tsaya cik a Fabrairun 2003, lokacin da jirgin Columbia ya tarwatse yana dawowa ƙasa, mutum bakwai suka mutu. Sama da shekara biyu jiragen ba su tashi ba, aka rage mazauna tashar zuwa biyu don ruwa da abinci su isa. Bayan an dawo aka kai ɗakin Turai, Columbus, a 2008, da na Japan, Kibo, wanda saboda girmansa sai da aka yi masa sawu uku. Gaba ɗaya an yi sawu sama da 40 na gini, an kashe sama da dala biliyan 100. Da yawa daga notuka da wayoyin da ke waje, mutane ne suka fita cikin rigar sama suka ɗaura da hannu, bayan sun yi ta gwajin aikin a cikin wani ƙaton tafki a Houston, domin cikin ruwa ne ya fi kama da shawagi.

Ruwa, iska da wuta

Gina bango shi ne mai sauƙi. Raya mutum a ciki ya fi wuya. Mu da ke tafiya da dabba mun san ruwa ne ke fara ƙarewa, mu kuwa ko banza akwai inda za a tsaya a hanya. Su babu. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kowane kilo kuma da roka za a kai shi. Don haka ba a zubar da ruwa. Gumi da tururin numfashi inji na tsotse su daga iska, fitsari a dafa shi a tace, a bi da su duka ta matatai har su fito ruwan sha. A 2023 NASA ta sanar cewa sun kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan. Tufafi ba a wanke su, idan sun yi datti a tura su cikin kumbon kaya tare da shara, ya ƙone a hanyar dawowa.

Iskar shaƙa ma daga ruwa ake samun ta: a ratsa lantarki ta cikinsa ya rabu biyu, a saki oksijin a cikin ɗaki. Wani injin kuma ya kwashe gurɓatacciyar iskar da aka fitar. Fanka ba ta tsayawa a tashar, domin inda babu sama babu ƙasa iska ba ta motsi da kanta. Idan mutum ya yi barci babu fanka, iskar da ya fitar za ta taru a fuskarsa ya riƙa maimaita ta.

Wuta kuwa babu NEPA, babu janareta, sola ce zalla. Manyan fukafukai takwas, kowanne tsawon wajen mita 35, suna juyawa suna bin rana. A kowane zagaye tashar na shiga inuwar duniya na kusan rabin awa da ɗoriya, sai batira su karɓa, sau 16 a rana.

Abin da mutane ba su zato shi ne matsalar zafi. Ɓangaren da ke kallon rana yakan haura digiri 120, wanda ke inuwa ya yi sanyin da ya wuce 100 ƙasa da sifili. Injina da kwamfutoci da jikin mutane duk suna fitar da zafi, waje kuma babu iskar da za ta kwashe shi. Sai aka bi da ruwa a bututu a cikin ɗakuna ya tattaro zafin, ya miƙa wa sinadarin amoniya da ke zagayawa a waje, shi kuma ya kai shi wasu fararen faranta su sake shi. Idan ka ga hoton tashar, masu duhun su ne sola, fararen na fitar da zafi ne.

Haɗari da jikin ɗan Adam

Sararin da tashar ke bi cike yake da tarkacen tsofaffin rokoki da taurarin ɗan Adam. A wannan gudun, ɗan ƙaramin noti ya fi harsashi. An yi wa ɗakunan garkuwa mai hawa-hawa: siririn ƙarfe a waje wanda abu zai daka ya farfashe, sai tazara, sai ƙyalle mai ƙarfi, kafin ainihin bango. Manyan tarkace kuma ana bin su da na'ura daga ƙasa, idan an ga za su matso a kunna inji a kauce. A Nuwamban 2021, da Rasha ta harbo wani tsohon tauraronta a gwajin makami, sai da mazauna tashar suka shige kumbunansu suka zauna cikin shirin gudu. Ƙa'ida ce: kowane mutum a tashar yana da kujerarsa a kumbon da ke maƙale, ko yaushe.

Jiki ma yana biyan nasa. Ƙashi da ba ya ɗaukar nauyi yana zaizayewa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a wata, shi ya sa kowa sai ya yi motsa jiki na awa biyu kullum, an ɗaure shi a jikin inji. Barci a cikin jaka ake yi, a manne da bango.

Nasan wani zai ce, to Musulmi fa, rana na fitowa sau 16, yaya zai yi da salla? An riga an yi wannan tambaya. Lokacin da likitan Maleshiya Sheikh Muszaphar Shukor zai je a Oktoban 2007, a ƙarshen watan azumi, malaman ƙasarsa sun zauna sun fitar da jagora: salla biyar a awa 24, bisa lokacin wurin da aka harba shi, alƙibla kuma gwargwadon iko. A 2023 Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a can, har ya fita waje ya yi aiki.

Chaina ta yi tata

Amurka ta kafa doka a 2011 da ta taƙaita wa NASA hulɗa da Chaina, ƙofar ISS ta rufe gare ta. Sai ta gina tata, Tiangong. Ta harba ɗakin farko, Tianhe, ranar 29 ga Afrilu 2021 daga tsibirin Hainan, ta ƙara biyu a Yuli da Oktoban 2022. A cikin shekara ɗaya da rabi an gama. Ta fi ISS ƙanƙanta nesa ba kusa ba, mutum uku ke zama, amma tsarin ɗaya ne: ɗaki daidai cikin roka, a haɗa a sama. Sai dai rokar da ta yi wannan dako, Long March 5B, ta jawo mata suka, domin babban gangar jikinta yakan faɗo ba tare da an sarrafa inda zai sauka ba. A Mayun 2020, bayan gwajinta na farko, an ba da rahoton faɗowar guntayen ƙarfe a wasu ƙauyuka na Kwaddibuwa, nan yammacin Afirka. Ke nan ko ba ka da roka, abin na iya shafar rufin ɗakinka.

Ina Najeriya a ciki?

Har yanzu ɗan Najeriya bai taka tashar ba, amma kayanmu sun taɓa shiga. A Yunin 2017 rokar kamfanin SpaceX ta kai wani ɗan ƙaramin tauraro mai suna NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta ƙasa suka yi tare da wata jami'a a Japan. Girmansa santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa wajen kilo ɗaya. A watan Yuli aka sake shi daga ɗakin Kibo, tare da na Ghana, ya yi kusan shekara biyu yana zagaye. Akure fa, garin da motocinmu ke ratsawa. Ƙannenmu da ake cirewa daga aji a tura su bin dabba a kara, da ɗaliban da suka haɗa wannan akwati, lissafin sakandare ɗaya aka fara koya musu.

Wanda ke son gani da idonsa ba sai ya sayi komai ba. Turbar tashar ta karkata da digiri 51.6, don haka tana ratsa saman Najeriya duka. Ana ganin ta bayan magariba ko kafin fitowar rana, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska ta a sama. Kamar babban tauraro take, tana tafiya a miƙe ba ƙara, ba ta ƙyaftawa kamar fitilar jirgi. Mintuna kaɗan take yi ta ratsa, wani lokaci ta dushe a tsakiyar sama idan ta shiga inuwar duniya. Manhajar NASA mai suna Spot the Station tana faɗin rana da minti na kowane gari.

Saukar da ita

Tashar ta tsufa. Sau 16 a rana ƙarfenta na zafi yana sanyi, yana buɗewa yana tsukewa, sama da shekara 25. Tun 2019 ake fama da yoyon iska a wani lungu na ɗakin Zvezda, ana liƙewa yana dawowa. Amurka da abokanta sun tsayar da 2030 a matsayin ƙarshen aiki. Ba za a iya barin ta ta faɗo da kanta ba, domin tan 420 ba zai ƙone duka a iska ba, turbarta kuma ta bi ta kan garuruwan da yawancin mutanen duniya ke zaune. Kwance ta a dawo da ita ma ba zai yiwu ba, tun da jiragen da suka kai ta an ajiye su tun 2011. A Yunin 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar da ta kai dala miliyan 843 don ƙera kumbo na musamman da zai maƙale mata, ya rage mata gudu a daidai lokacin da aka zaɓa, ya jefa ta can kudancin tekun Fasifik, nesa da kowane gari, yankin da aka jefa Mir a Maris 2001.

Masu jiran gado sun riga sun fito. Kamfanoni irin su Axiom Space da Vast suna ƙera nasu ɗakunan da niyyar ba da haya, Indiya ta sa wa kanta 2035, Chaina na maganar faɗaɗa tata. Rokoki sun yi araha fiye da da, tun da yanzu wasu na dawowa a sake amfani da su, wasu kuma da ake gwadawa sun fi na baya ɗaukar kaya. Idan cikin mota ya ƙaru, ɗakunan ma za su ƙaru, sawu ya ragu, kuɗin kujera ya sauko. A lokacin ne ƙasashe irin tamu za su ga ko sun tanadi yaran da za su hau. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.